Filin Shawara: Safiya ce ko Sophie?

 Ni mai jego ce a Tandjouaré ta ƙasar Togo, maigidana yana fatauci tsakanin Dapaong da Sokodé. Ranar suna liman ya raɗa wa 'yarmu Safiya, sunan mahaifiyar maigidan (a gafarce ni da na kama sunan). Ƙanensa da aka aika yankan takardar haihuwa sai ya ce a rubuta Sophie, wai haka yake da Faransanci. Surukata ta yi fushi, ko wayata ba ta ɗauka. Ashe ba suna ɗaya ba ne?

Amsa: Barka da sauka lafiya, Allah ya raya.

Surukarki tana da gaskiya. Safiya Larabci ne, ma'anarsa tsarkakakkiya, zaɓaɓɓiya, kuma sunan ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ne, Safiyya 'yar Huyayyu. Sophie kuwa daga Girkanci ya fito, yana nufin hikima. Amo ne kawai ya zo kusa.

Kada ki ɗauka sunan banza ne. Sunaye da yawa da kike ji wurin maƙwabtanki Kiristoci tushensu Girka: Georges manomi, Irène zaman lafiya, Étienne kambin sarauta. Wannan na ƙarshen shi ne Shugaba Eyadéma ya ajiye a 1974 ya koma Gnassingbé, lokacin da aka matsa wa mutanen Togo su riƙe sunayen gida.

Amma abin da ya ƙona ran tsohuwar nan ba ma'ana ba ce. An yi mata takwara, an ɗaukaka ta a gaban dangi, sai takarda ta share ta. Ko a ƙasar Ailan, O' da ke gaban suna kamar O'Brien jika yake nufi, Mac kuma ɗa. Kowa yana son a ji sunansa a bakin zuriyarsa.

Ki lallaɓa maigidanki ya nemi hukuncin gyaran suna a kotu tun yarinyar tana goye. In aka bari ta shiga makaranta, Sophie zai bi ta har takardar jarrabawa da katin shaida, gyaran kuma ya ƙara wuya. Ƙanin mijinki rashin sani ne ya ja shi, kada ki riƙe shi a zuci.

Kada ki jira kotu kafin ki nemi surukarki. Da kin yi arba'in, ki goya mata takwararta, ki riƙe goro, ki je ki gaishe ta.