Kiɗa Mai Taushi Ya Kan Rage Zafin Ciwo

A shekarar 2013 likitocin birnin Cleveland, a Amurka, suka ba da labarin gwajin da suka yi da marasa lafiya 200 waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka yi musu kiɗa mai taushi, ɗaya kashin kuwa suka huta kawai. Waɗanda suka ji kiɗan, zafin ciwonsu ya fi raguwa, gama kiɗa ya kan ɗauke hankali daga ciwo.

To, mai jinya, lura da waɗannan:

1. Tambayi marar lafiya abin da ya ke so ya ji. In ba ya so, ƙyale shi.
2. Kada a ƙure rediyo.
3. Kada a daina ba shi maganin likita. Kiɗa ba ya warkar da cuta.