Cire tekila kaɗai ba ya raba margarita da barasa

Aikina haɗa abin sha ne a otal da wuraren liyafa, kuma yawancin masu neman margarita a wurina marar giya suke so. Wani don addini, wata tana da juna biyu, wani zai tuƙa mota ko likita ya hana shi. Kusan dukkansu magana ɗaya suke yi: "A cire mini tekila." To, wannan bai wadatar ba.

Margarita daga Meziko ta fito, kuma abu uku ake haɗawa. A ma'aunin ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya, IBA, ana zuba mililita 50 na tekila, 20 na giyar ɓawon lemo da ake kira triple sec, sai 15 na ruwan lemon tsami, a shafa gishiri a bakin kofi. Tekila kowa ya san giya ce. Ta biyun ce ke ruɗin mutane, domin ƙamshinta na lemon zaƙi ne, ga zaƙi kamar alewa. Amma Cointreau, irin triple sec ɗin da ake yi a garin Angers na Faransa, kashi 40 cikin 100 nata barasa ce tsantsa. Haka ma Grand Marnier, wadda ta fito a 1880. Giyar kwalba ta yau da kullum kuwa wajen kashi 5 take ɗauke da shi. Idan aka yi lissafi, mililita 20 ɗin nan daidai suke da kusan rabin ƙaramin gwangwanin giya. Na sha ganin sabbin yara a bayan kanta sun ture tekila gefe, sun tsiyaya triple sec da zuciya ɗaya, a zatonsu ruwan zaƙi ne.

Akwai wasu kwalaben da ke shigowa ta bayan gida. Blue Curaçao, mai mayar da abin sha shuɗi, iri biyu ce a kasuwa da suna ɗaya: akwai giyar, akwai kuma ruwan sukari marar barasa irin na kamfanin Monin. Ƙaramar kwalbar ɗanɗanon lemo da ake sa wa kek ma galibi cikin barasa ake narka man ɓawon. Angostura da ake ɗiga wa Chapman ɗinmu na Najeriya kashi 44.7 ce. Ɗigo kaɗan ne, gaskiya, amma hukuncin ko kaɗan ɗin ya dace na mai sha ne, ba na mai haɗawa ba.

To me za a sa a madadin triple sec? Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi ruwan lemon zaƙi ne, kuma a ganina shi ne mafi rauni. Yana tsinka haɗin, ya danne tsamin, ƙamshin kuma bai zo ba, saboda ƙamshin lemo a cikin man ɓawonsa yake. Ita kanta Cointreau daga ɓawon lemo mai zaƙi da mai ɗaci ake yin ta. A tsibirin Curaçao kuwa, lemon da ake kira laraha ɗacinsa ya hana a sha shi, ɓawon kawai ake busarwa a yi amfani da shi.

Don haka ni ɓawon nake bi. A wanke lemo uku sosai, a fere saman ɓawon da wuƙa mai kaifi, a guji farin cikin nan domin shi ke kawo ɗaci. Koren ɓawo irin na lemonmu ba matsala ba ne. A zuba sukari giram 100 a kai, a murza da bayan cokali, a rufe ya kwana. Da safe za a tarar sukarin ya jiƙe, ya janyo man. A zuba ruwan ɗumi mililita 100, a motsa, a tace, a sa a firji, kuma gara a shanye cikin mako guda tunda babu barasar da za ta hana shi lalacewa. Idan lokaci ya ƙure, cokali ɗaya na jam ɗin lemo mai ɓawo a ciki yana fitar da mutum kunya, sai dai a tace.

Su ma masu sha da giyar sun daɗe da gano triple sec ba dole ba ce. Julio Bermejo, a gidan abincin iyayensa mai suna Tommy's a San Francisco, ya cire ta ya sa ruwan zaƙin agabe, tsiron da ake yin tekila da shi. Sai a kula, margaritar Tommy's har yanzu da tekila a ciki. Inda babu agabe zuma tana yi, amma a fara sirka ta da ruwan ɗumi, in ba haka ba ta daskare a kan ƙanƙara.

Haɗin da nake miƙa wa baƙo shi ne mililita 30 na lemon tsami, 20 na ruwan ɓawon nan, ɗan ruwan ɗanyar citta don maye gurbin zafin tekila, a girgiza da ƙanƙara, a cika da ruwan soda. Mai hawan jini kada a sa masa gishirin.

Idan kai ne mai oda, kada ka ce a cire tekila, ka ce ba ka son barasa ko ɗigo, ka ambaci triple sec da sunanta. Ka nemi a nuna maka kwalbar. Galibi wadda ke da barasa za ka ga lamba da alamar % vol a jikin takardarta.