Darasi Ga Malaman Aji: Abin Da Ka Sauke A Wayarka Shi Ne Naka



'Yan uwa malamai, na firamare da na Islamiyya, musamman ku na yankin Anka, Bukkuyum da Gummi, darasinmu na yau a kan kayan koyarwa na intanet ne, da yadda malamin ƙauye zai ci moriyarsu a aji. Duk inda aka tayar da wannan magana tambayar da ake fara yi ita ce, wace manhaja ta fi kyau? Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga ta: ranar da sabis ya ɗauke, me zai rage a hannunka?

Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Kwana biyu bayan haka hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba kamfanonin waya umarni su katse layukansu a jihar baki ɗaya. A farkon Oktoba aka maido wa Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗe musu. To ku duba: lokacin da yaro ya fi bukatar karatu daga nesa, saboda an rufe ajinsa, a lokacin ne kuma hanyar ta toshe. Wanda darussansa ke kan YouTube ko a zauren WhatsApp ya wayi gari hannu wofi. Wanda ya riga ya sauke su cikin memori ya ci gaba da tara yaran unguwa a zaure.

Saboda haka ma'aunina guda ne. Duk kayan da aka tallata maka, ka sa wayarka a yanayin jirgin sama, wato ka kashe mata sabis da data gaba ɗaya, sannan ka buɗe shi. In ya yi aiki, na ajinmu ne. In ya tsaya yana juyi, ka bar wa 'yan Abuja.

Bari in fara da wanda na fi so, PhET. Jami'ar Colorado ta Amurka ce ke yin sa, wani masanin fiziks mai suna Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya assasa shi a 2002, kuma kyauta ne. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ne aka zana a fuskar waya. Akwai wanda yaro zai jawo batir da waya da ƙwan fitila da yatsarsa ya haɗa su, fitila ta kama. Ya ƙara batir ta ƙara haske. Ya yanke wayar ta mutu. Akwai na kason lissafi, inda za a raba abu gida huɗu ka ɗauki uku kana gani da idonka. Kowane gwaji fayil ɗaya ne, ka sauke shi sau ɗaya ya zauna a wayarka, ka buɗe shi ko kana tsakiyar gona. Makarantun firamarenmu nawa ne suke da ɗakin gwaji? Kun san amsa. Malamin da ya shekara yana zana batir da alli a allo, yara suna haddacewa ba su taɓa ganin abin ya motsa ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne gare shi.

Za ka ce, Malam, yara saba'in ne a ajina, waya kuma ɗaya. Haka ne. Raba su bakwai, goma-goma, kowane rukuni minti biyar, ka ga minti talatin da biyar ke nan, darasi guda. Amma kafin kowane rukuni ya taɓa wayar, ka sa su fara faɗin abin da suke zaton zai faru in an ƙara batir na biyu, su yi gardama a kai, sannan su gwada. Sauran kuma suna kwafe zanen a littafi. In ba ka yi haka ba, kallo kawai za su yi, kamar an kunna musu fim. Washegari kuma ka zo da batir na gaske da ƙwan tsohuwar tocila, su haɗa da hannunsu.

Na biyu shi ne African Storybook, na wata cibiya ce a Afirka ta Kudu mai suna Saide. Ƙananan littattafan labari ne masu hotuna, cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa, an jera su mataki-mataki daga mai kalma kaɗan a shafi zuwa mai dogon zance. An yarda ka sauke, ka buga a takarda, ka raba, ba sata ba ce. Ni shawarata a nan, a buga. Takarda ba ta neman caji. Malamai biyar su haɗa kuɗi, wanda zai shiga Gummi ko Anka ya kai wa mai kwamfuta a buga a ɗinke. Sai dai ka karanta kowanne kafin ka kai aji, domin wasu an juyo su ne daga wani harshe, Hausar ta yi tauri, wani kuma hotunan ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ka zaɓa, kada ka kwasa.

Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a Maris 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Amfaninsa shi ne an tsara darussan a kan silabas ɗin makarantunmu, kuma akwai na Hausa a ciki. Yana neman rajista da data a karon farko, don haka ka yi wannan ranar da ka shiga gari. Makarantar da Allah Ya hore wa kwamfutar cinya ko da guda ɗaya ce da farantin sola, ita kuma ta nemi Kolibri. Ana sa shi a kwamfutar, a loda masa darussan Khan Academy da PhET da littattafan labari, sai wayoyin da ke kusa su kama shi ta wayifai na cikin gida ba tare da an taɓa intanet ba, malam kuma yana ganin wane ɗalibi ya yi aiki, wane ya maƙale. Kiwix shi ma haka, yana ɗauke Wikipedia ɗungurungum ya zuba a memori. An fara shi a 2007. Ta Turanci mai hotuna ta kai gigabait ɗari, ba ta wayarmu ba ce, amma ta Hausa ƙarama ce ƙwarai.

To yanzu ga inda nake so mu daɗe. Ko ka tara duk waɗannan, akwai darasin da babu wanda zai haɗa maka shi sai kai. Ɗauki misalin Tungar Guru. A 2010 likitocin MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta da Abare da Yargalma da Bagega da Sunke, har da Tungar Guru. Yara kimanin 400 suka rasu. Dalili kuwa, dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa. Dalma kuma ko ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage wa yaro kaifin fahimta, shi ya sa malamin wannan yanki ya kamata ya yi hattara kafin ya kira ɗalibi daƙiƙi.

Yaran da ke aji biyar da aji shida a yau ba a haife su ba lokacin, kuma haƙar ba ta tsaya ba. Ka buɗe shafin intanet ka nemi bayanin gubar dalma, za ka samu da yawa, amma mafi yawansa maganar tsohon fenti ne da bututun ruwa na gidajen Amurka. Yaron Tungar Guru bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne buhun dutse a bayan babur, da rigar yayansa da ta yi fari fat da ƙura. Aikin malam shi ne ya ɗauko gaskiyar kimiyyar daga can, yadda dalma ke shiga jini ta baki da numfashi, da dalilin da ya sa ta fi cutar da ƙananan yara, sannan ya zuba ta a cikin kayan garinsu: kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, a jiƙa shi kafin niƙa don ƙura ta kwanta, mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki jariri. Ka naɗi muryarka kana bayanin nan da Hausarmu ta nan, minti biyar ya isa, ka tura wa malamin garin gaba ta Xender. Wallahi wannan ɗan sautin ya fi wa yaranmu bidiyon Turanci goma amfani, kuma iyaye mata a cikin gida ma za su ji.

Hanyar rarrabawa ma ai muna da ita. Shagon mai caji da 'yan dawunlodin da ke tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a memori suna kowace kasuwa. Ku ba su jakar darussa, ku roƙe su su riƙa saka wa duk wanda ya nema. Da yawansu ba za su ƙi ba.

Sai gargaɗi. Na'ura ita kaɗai ba ta koyar da kowa. An gwada shirin ba kowane yaro kwamfuta, One Laptop per Child, a makarantun karkarar ƙasar Peru, aka bi makarantu 319 da bincike, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. A nan gida ma an gwada shirin a wata firamare a Galadima ta Abuja a 2007, ba a jima ba labari ya fita cewa wasu yaran suna buɗe shafukan batsa da kwamfutocin, sai daga baya aka sa matata. Kun ga wata fa'idar kayan da aka sauke ke nan: abin da malam ya zuba ne kaɗai a ciki. Amma fa wayar da za ka miƙa wa ɗalibai kada ta zama mai ɗauke da hotunan iyalinka da saƙonninka. Ka ware memori na aji daban, ka kashe data, kuma ka ajiye kwafi na biyu a wurin hedimasta, domin memorin kasuwa yakan mutu ba sallama.

Malaman Islamiyya, ku ma wannan ya shafe ku. Maktabatus Shamila tana tara dubban littattafan Larabci a na'ura ɗaya, tana aiki ba intanet, kuma tana saukaƙa neman mas'ala. Sai dai rubutun da aka shigar da hannu ba ya rasa tuntuɓe, ɗigo ɗaya ya faɗi ma'ana ta juya. Ka nemo wurin da ita, ka tabbatar a bugaggen littafi kafin ka rubuta wa ɗalibai a allo.

Abu na ƙarshe ga masu manyan ɗalibai. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yaron da ya san amsa amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, rabin lokacinsa a rawar hannu zai tafi. In akwai kwamfuta ko da ɗaya a garinku, ta makaranta ko ta wani ma'aikacin asibiti da zai ba da aro, ku tsara wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare layi, mata da maza kowa da ranarsa, kowa ya zauna gabanta ya latsa A, B, C, D, ya koyi matsawa tambaya ta gaba da komowa baya, tun watanni kafin a tura shi cibiyar jarrabawa.