Mu Gyara Ƙafafun Rumfa Kafin Damina

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a Kalfu da sauran garuruwan Adar, da wuya a sami gidan da ba shi da rumfa. A ƙarƙashinta muke ɗaure tumaki da awaki. A kanta muke jibge harawa da kara, abincin bisashe na rani. Idan ta faɗi, tana iya danne yaro ko dabba.

Daga gindi rumfa take fara lalacewa, wato daidai inda dirka ta shiga ƙasa. A nan ruwan sama da fitsarin dabbobi suke kwanciya. Itace ya jiƙe, ya ruɓe, gara kuma ta ci cikinsa. Daga sama dirka tana nan kamar lafiya lau, alhali gindinta ya zama gari.

Yadda za mu gane

A ƙasar Tawa ruwa yakan sauka daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma iska mai ƙarfi takan zo da ruwan farko. Saboda haka mu duba rumfa tun bazara. Mu tone gindin kowace dirka kamar taki ɗaya. Mu caka wuƙa. Idan ta shige da sauƙi, ko muka ga hanyar gara a jikin itacen, dirkar ta gama aiki.

Yadda za mu gyara

1. Mu sauke kayan da ke kan rumfa, mu kore yara da dabbobi.
2. Mu tokare rufin da gwafa biyu masu ƙarfi kusa da dirkar da ta ruɓe.
3. Mu cire dirkar, mu kwashe ruɓaɓɓen itace da ƙasar gara, mu kai nesa da gida.
4. Mu zurfafa ramin ya kai kamu ɗaya, wato rabin mita. Mu shimfiɗa dutse mai faɗi a ƙasansa. Allah ya hore mana dutse a Adar.
5. Mu ɓare bawon sabuwar dirka busasshiya, mu babbake gindinta a wuta har ya yi baƙi.
6. Mu kafa ta a kan dutsen, mu cika ramin da tsakuwa, mu daddale.
7. Mu tara ƙasa a gindinta, domin ruwa ya gangare.

Kada mu cire dirka biyu a lokaci guda. Sai ɗaya ta zauna daram, sannan mu taɓa ta biyu.

Wane itace?

Kirya da azarar giginya sun fi jure wa gara, amma sun yi wuya. Bagaruwa da dogon yaro suna aiki sosai. Mutanen kwarin Majiya sun fara dasa layukan dogon yaro a shekarar 1975 domin tare iska, daga baya suka riƙa samun dirkoki daga rassansa. Mu ma mu dasa namu. Kafin mu sari itace a daji, mu nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Gargaɗi

Wasu suna shafa baƙin man mota a gindin dirka. Wannan mai guba ne. Kada mu yi amfani da shi kusa da rijiya, ko rumbun hatsi, ko inda dabbobi ke lasa.

Tambayoyi

1. Daga ina dirka take fara ruɓewa?
2. Me ya sa muke sa dutse a cikin rami?
3. Dirka nawa ce a rumfar gidanku? Ku duba su yau, ku rubuta adadin waɗanda suka ruɓe.