Wai ƙyuya ce ke damuna

Anti, tun bayan haihuwata ta uku hannayena suka daina yi mini biyayya. Da asuba yatsuna a kumbure, a sandare, ko buta ba na iya riƙewa sai hantsi ya dubi ludayi. Amma ba ciwon ne ya fi ci mini rai ba. Uwar mijina ce ta ce, a gaban baƙi, wai ƙyuya ce kawai, ita tara ta haifa tana daka tana surfe ba ta taɓa cewa wash ba. Maigidan yana zaune, bai ce uffan ba. Ni da na yi shekaru ina wanke mata kaya da hannun nan! Yanzu ranar girkina abokiyar zamana ke tuƙa tuwo, ita ake yi wa sannu, ni ake harara. Kullum ina shan haɗin da mai kemis ke ba ni, ina samun sauƙi, har fuskata ta cika, shi ya sa suke cewa ga ta nan ɓul-ɓul, ina ciwon yake? A gaban baƙi fa, Anti. In tafi gidanmu sai ya zo biko, ko in kai ƙara wurin kawunsa?

Daga wata baiwar Allah, Kano

Ƙanwata, ajiye batun yaji, hannun da ya kumbura a ɗakin miji ba zai sace a ɗakin uwa ba. Kin cika takarda da surukarki, ba ki gaya mini shekarunki ba, balle ko likita ya taɓa duba hannun nan. Abin da ya tayar mini da hankali kuwa a layi ɗaya kika wuce shi: haɗin kemis.

Cikar fuskar da ake yi miki gori da ita ba ƙibar jin daɗi ba ce. Galibin irin wannan haɗin akwai deksametason ko firednisolon a ciki, tare da diklofenak. Na farkon suna danne kumburi nan take, shi ya sa ake son su, amma shan su kullum na wata da watanni yana kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Diklofenak kuma ciki da ƙoda yake ci. Na gaji da maimaita wannan a filin nan. Mutum ya miƙa miki ƙwayoyi a ƙullin leda, ba suna ba takarda, ke kuma ki afa! Sai dai kada ki daina farat ɗaya, hakan ma haɗari ne. Likita ne zai janye miki shi sannu a hankali.

Abin da kika kwatanta, yatsun hannu biyu, sandarewar safe mai daɗewa, farawa bayan haihuwa, ya yi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Gwajin jini da duba gaɓɓan ne za su tabbatar. Maganinsa na asali, metotireksat, sau ɗaya ake sha a mako, kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, don haka ki gaya wa likita halin da kike ciki.

Masu bincike yanzu rige-rige suke yi da lokaci. A 2024 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Birtaniya da Holan kan mutum 213 da ciwon ke shirin kamawa. Bayan shekara guda, kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar abatasef ne suka kamu, a cikin waɗanda ba a ba su ita ba kuwa kashi 29. Allurar ta fi ƙarfin aljihunmu, na kawo ta ne don ki ga can tun kafin kumburi ake tarar ciwon, ke kuwa naki ya daɗe yana cin gaɓa. Yatsan da ya riga ya karkace magani ba ya miƙar da shi.

Kawu ba shi da aiki a nan tukuna. Ki ce wa maigidan ya raka ki asibitin koyarwa, sashen masu ciwon gaɓɓai, ya ji da kunnensa, shi zai kai wa Hajiya labari. Ki tafi da ƙullin haɗin a jaka, likita ya gani. Allah ya ba ki lafiya.