Tseren Taswira da Dare: Shawara ga Matasan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

A ƙasar Finlan, tun 1949 ake yin gasar Jukola kusan kowane watan Yuni. 'Yan tsere bakwai ne a ƙungiya, ana tashi da dare, kowa da taswira da kamfas da fitila a goshi. Mutum zai nemo alamomin da aka kafa a daji bi da bi, ya dawo ya sallami na gaba, har gari ya waye. Suwidin ma tana da irinta, Tiomila, tun 1945.

'Yan sikawut da ɗalibanmu za su iya kwatanta wannan, amma ban da daji. Kowa ya san halin tsaro a yankinmu. A tsaya cikin makaranta mai katanga, da izinin hukumarta da sanin jami'an tsaro.

Ku fara da rana. Ku zana taswirar harabar, ku nuna rijiya, masallaci da bishiyar darbejiya, ku ɗaura ƙyalle mai lamba a wuri goma. In hannu ya faɗa, sai a gwada bayan Isha'i, a gama kafin ƙarfe tara.

Wanda ya fi iya karanta taswira shi za a ba zangon da ya fi wuya, domin mai sauri in ya ɓata hanya ya ja wa kowa. Kowa ya riƙe usur da tocila cike da caji, ya sa takalmi rufaffe saboda kunama. A ƙirga mutane kafin a watse.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi, ku haɗa yara bakwai ku fara a wannan hunturun.