Kabewa Ƙosasshiya da Kabewa Ɗanya: Nazari Daga Unguwar Kambarawa, Katsina

A gidajen unguwar Kambarawa ta birnin Katsina, kamar sauran unguwannin ƙasar Hausa, ba a faye yi wa kabewa gona ta musamman ba. Akan jefa ƙwayarta a gindin danga ko a gefen juji da faɗuwar damina, ta yi yaɗo ta haye rumfa, sai bayan wata uku ko huɗu a tsinke ta. Wannan maƙala za ta kwatanta wannan kabewa da wata 'yar'uwarta wadda ake tsinka tun tana ɗanya, watau wadda ake kira zukini, domin a nuna cewa manomin da ya yi musu riƙo iri ɗaya zai yi asarar ɗaya daga cikinsu.

Ko da yake kabewa ta zauna daram a cikin tukunyar Bahaushe, ba 'yar ƙasa ba ce kamar duma, wanda asalinsa Afirka ne. Ita daga nahiyar Amurka ta fito. An tono 'ya'yanta a wani kogo a kudancin Meziko waɗanda suka kai kimanin shekara 10,000, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492. Zukini kuwa manoman arewacin Italiya ne suka fitar da irinta a ƙarni na 19.

Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin kalmar "ƙosa". Bahaushe yakan ce mangwaro ya nuna, amma kabewa ƙosawa take yi, watau ɓawonta ya yi tauri har farce ya kasa huda shi, hannun da ke riƙe da ita kuma ya bushe. Wannan tauri shi ne amfaninta. A wuri irin Katsina, inda ruwan sama yakan tsaya sosai a watan Yuni ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, kayan miyar da zai yi watanni a ƙarƙashin gado bai ruɓe ba dukiya ne. Ga zukini kuwa ƙosawa lalacewa ce. Takan fara 'ya'ya cikin kwana 45 zuwa 60, a yanke su da wuƙa suna da tsawon santimita 15 zuwa 20, kuma da ƙyar suke wuce mako guda a ajiye. Idan aka bar su a jikin uwa sai su yi ƙato, cikinsu ya zama kamar soso, uwar kuma ta rage haihuwa.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa noman kuɓewa ya san bayan kwana biyu ko uku ake zagaya ta, in kuwa aka yi sakaci sai ta zama itace. Saboda haka zukini kabewa ce a dangi, amma riƙon kuɓewa take so. Abin sha'awa ma, kalmomin nan biyu, in aka rubuta su da ajami, sau da yawa wasalin farko kaɗai ke raba su, fataha a ɗaya, rufu'a a ɗaya.

Wajen shuka, ƙasar Katsina mai rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, don haka sai an cika ramin da ruɓaɓɓen taki kafin a sa ƙwaya biyu ko uku. Zukini ba ta yaɗo, tsayawa take yi wuri ɗaya, wanda ya sa ta dace da tsakar gidan da siminti ya cinye. Ta fi son noman rani lokacin sanyi, domin laimar damina tana kawo mata cututtukan ganye.

Akwai kuma kukan da masu shuka suka saba yi, cewa kabewa ta yi fure ya zube ba ta haihu ba. Dalili shi ne fure biyu take yi, namiji da tamata. Namijin ne ke fara fitowa, kuma zubewa ce ƙarshensa. Tamatar ana gane ta da ɗan ƙullutu a gindinta, kuma ba za ta kama ba sai ƙudan zuma ya kai mata garin namijin. Furen da safe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari da hantsi ya kori mai yi masa aiki kyauta. In zuma ta yi ƙaranci, sai a tsinko namijin a goga a cikin tamatar.

A madafa ma hanyarsu ta rabu. Ƙosasshiyar kabewa ita ce ƙashin bayan miyar taushe: a dafa ta har ta narke, a haɗa da gyaɗa da daddawa da alayyafo da yakuwa, a ci da tuwon shinkafa ko waina ko funkaso. Jan cikinta kuma yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. Zukini kusan dukkanta ruwa ce, ba ta kaurara miya, sai ma ta tsinka ta. Ba a fere ta. Akan yayyanka ta a soya da albasa da attarugu, ko a zuba a fate ko dafa-duka minti biyar kafin a sauke. Wadda aka ɗanɗana aka ji ta da ɗaci ƙwarai, zubarwa ake yi, domin ɗacin nan guba ce mai sa amai da gudawa, kuma dahuwa ba ta kashe ta.